Sarkin da Ya Daina Jin Ƙamshin Wardi

An ce wani sarki ya yi mulki a wata ƙasa mai duwatsu, yana da 'ya guda ɗaya tak, sunanta Raihanatu. Ba ta shafa kowane turare sai man wardi, wanda wani tsoho mai suna Ukashatu yake tatsowa shi da ɗansa Hamdanu. Aiki ne na haƙuri. Sai a tsinke furen da raɓarsa tun rana ba ta taɓa shi ba, a dafa a tukunyar tagulla, tururi ya bi bututu ya koma ruwa, sannan a bi saman ruwan da gashin tsuntsu ana kwashe ɗan man da ya taso. Kayan raƙumi goma na fure da ƙyar yake cika kwalba mai tsawon yatsa.

Ana nan, Allah Ya karɓi ran Raihanatu. Sarki ya yi baƙin cikin da ya hana shi ci, ya hana shi zaman fada. Ya koma ɗakinta da zama, ya sa aka shafe shimfiɗa da labule da rawaninsa da man wardi, don in ya rufe ido ya ji kamar tana gefensa. Haka ya yi wata uku. Sai wata safiya ya buɗe sabuwar kwalba, ya kai hanci, bai ji komai ba. Ya ji kamar ranar aka sake ɗaukar masa gawarta.

Ya tambayi fadawa, "Ku kuna jin wani abu?" Su kuwa ƙamshi har hawa musu kai yake yi, amma wa zai ce ya ji abin da sarki bai ji ba? Kowa ya ce ai wannan ruwa ne tsagwaronsa, an cuci sarki. Aka kamo Hamdanu, tunda shi ya kawo kwalbar, aka yi masa bulala ɗari, aka jefa shi kurkuku kafin a sare masa kai.

Kashegari Ukashatu ya zo yana dogara sanda, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, ka sako mini ɗana in yi jinyarsa, ni ka tsare ni a madadinsa."

Sarki ya ce, "Ba ya fita sai ƙamshin 'yata ya dawo."

Tsoho ya ce, "To, ya sarki, ka yarda in yi tambaya. A garin nan wane ne ba ya jin warin fatar da ake jemewa?"

Sarki ya ce, "Mai mura."

"Mai mura ya warke ya ji. Majemi ne ba ya ji, don a ciki yake wuni. Wane ne kuma ba ya jin kukan kogi?"

Sarki ya ce, "Wanda gidansa ke bakin kogin. Kai tsoho, cewa kake yi laifin hancina ne?"

"Ban isa ba, ya sarki. Amma ka bar ɗakin nan kwana bakwai, ka sa tufafin da turare bai taɓa ba, ka ajiye kwalbar a rufe da hatiminka. Ranar bakwai ka buɗe. In ba ka ji komai ba, ka haɗa wuyana da na ɗana."

Sarki ya yarda, ba don ya gaskata ba, sai don yana marmarin ƙamshin kamar mai azumi da ruwa. Ya koma wani soro da babu komai sai tabarma. Kwanakin suka yi masa nauyi. A rana ta uku ya fara jin ƙaurin hayaƙin madafa, a ta biyar ya ji ƙamshin ƙasa da aka yayyafa wa ruwa, har ya yi mamaki.

Ranar bakwai aka tara fada. Sarki ya karya hatimi, ya cire murfi, tun bai kai hanci ba ƙamshi ya cika masa ƙirji. Ya tuna ranar da Raihanatu take ɗaura masa rawani tana dariyar furfurarsa. Ya fashe da kuka a gaban jama'a, bai ji kunyar kowa ba. Da ya samu magana ya ce, "Na zalunci bawan Allah. Ku kawo Hamdanu yanzu, da kaina zan kwance shi."

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya sarki, raunin bulalar ya ruɓe. Tun rana ta huɗu Hamdanu ya cika."

Sarki ya dubi tsoho, ya ce, "Ka sani?"

"Na sani, ya sarki. Ni na yi masa wanka."

"Me ya sa ka yanka kwana bakwai, ba ka ce uku ba?"

Ukashatu ya ce, "Na san uku ba za su ishi hancinka ba, na kuma ji tsoron bakwai za su yi wa ɗana yawa. Na auna, na kasa samun tsakiya. Na dawo yau ne don kada 'ya'yansa su tashi ana kiransu 'ya'yan macuci."

Sarki ya sauko daga gado, ya durƙusa a gaban tsoho, ya ce, "Faɗi abin da kake so, ko da rabin ƙasata ne."

Tsoho ya ce, "Ka sa a yi shela a kasuwa cewa turaren Hamdanu na gaskiya ne. Sauran abin da nake so ba ya hannunka."

Sarki da kansa ya fita kasuwa ba lema, ba mabusa, ya tsaya a rana ya yi shelar. An ce daga nan bai ƙara yanke hukunci ba sai ya fara tuhumar kansa kafin ya tuhumi wanda aka gurfanar. In an yabe shi da adalci kuwa, sai ya girgiza kai ya ce, "Adalcin da ya zo a makare, ta'aziyya kawai ya zo yi."