Mai Jitar Tartsatsi da Amsar da Bai Ji Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Damagaram, mai kaɗa jita irin wadda ake jona wa lantarki. Sunansa a bar shi a rufe, domin yana raye, kuma wataƙila ya taɓa ɗaukar wa waninku kwalin dabino a kasuwar Utaiƙa, a nan Riyad.

Da ƙuruciyarsa, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗan nan mai tsawa da ake kira rok. Suka sa mata suna Tartsatsi. Suka tara gashi, suka ɗinka wando mai faɗin ƙafa. Sun yi wasa a Maraɗi da Yamai da Kano, matasa na hawa katanga don su hango su. Amma waƙoƙin duk na Hamissou ne, mawaƙinsu, wani siririn tela mai sanyin murya, wanda waƙa ke zuwar masa yana taka keken ɗinki.

Kowannensu yana da akwatin sauti a bayansa, mai ɗan maɓalli da ake murɗawa. Ƙa'idarsu ita ce a daidaita maɓallan tare kafin wasa, kada wani ya danne wani. Shi kuwa mutumin nan, waƙa na tsakiya sai ya miƙa hannu baya ya ƙara nasa. Hamissou ya kan ce, "Ɗan uwa, rage kaɗan, mu ma da baki muka zo." Shi kuma ya ce, "Jama'a ba bakinka suka zo kallo ba."

Da aka buga kasat ɗinsu, sai ga hotonsa shi kaɗai, da sunansa a matsayin mai waƙoƙin. Hamissou bai yi faɗa ba. Ya juya kasat ɗin gaba da baya, ya ce, "Na bar ka da Allah." Daga ranar Tartsatsi ta mutu.

Mutumin ya ci gaba shi kaɗai, yana ƙara murɗa maɓalli, yana manne da akwatin. An ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana kamar ciyawa, in ƙara ta kwantar da su ba sa sake tashi. Nasa suka kwanta. Abin da ya rage masa wani siririn sauti ne guda, kamar kukan ƙaramar tsirkiyar jita, wanda ba ya yankewa ko yana sujada.

Kiɗa ya ƙare. Neman abinci ya kawo shi Riyad, ya zama ɗan dako. Ya ɓoye kurmancinsa don kada kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar zama a ƙasar. Kowa ya yi magana sai ya gyaɗa kai. Hamissou ma yana garin, yana ɗinki a unguwar Badi'a. Shekaru suka yi ta wucewa, mutumin bai taɓa zuwa gaishe shi ba.

Sai ga kasat ɗin ya sake tashi a wayoyi. Matasa suna nuna masa hotonsa, suna kaɗa kai, suna cewa ba a sake yin irinsu ba. Shi yana kallon hoton, ba ya jin komai. Wane irin gado ne wannan, 'yan uwa? Suna a bakin duniya, a kan kayan wani.

Wata Juma'a Mariamou, 'yar Hamissou, ta same shi a kasuwa. Ta ga ba ya ji, sai ta ja hannun rigarsa har asibitin da ubanta yake kwance. Da ya ga yadda jikin Hamissou ya ƙare, tsoro ya kama shi, domin ya san haƙƙin bawa ba ya sauka sai bawan ya yafe. Amma ɗakin cike yake da 'yan Damagaram, waɗanda suka san shi tauraro. Ya ji ba zai iya durƙusawa a gabansu ba. Ya ce, "Ku ba mu wuri, maganar manya za mu yi." Mariamou ta matso kunnensa ta ɗaga murya, "Baba, bari in tsaya ni kaɗai." Ya nuna mata ƙofa.

Ya rufe ƙofar, ya durƙusa, ya ce, "Hamissou, waƙoƙin naka ne. Ka yafe mini."

Hamissou ya buɗe ido. Leɓɓansa suka yi ta motsi, ya daɗe yana magana da siririyar muryar nan da aka saba dannewa. Fuskarsa ba fushi, ba murmushi. Mutumin ya kara kunne a bakinsa, bai ji komai ba sai kukan tsirkiyar. Ya tashi ya kira Mariamou ta zo ta ji masa. Kafin ta shigo, leɓɓan sun tsaya.

Ya yafe? Bai yafe ba? Wa za a tambaya, alhali shi da kansa ya kori shaidu?

Har yau yana Utaiƙa. In ka yi masa magana sai ya ƙura wa bakinka ido. Yana koyon karanta leɓɓa, ko zai gane abin da ya gani ran nan.

Ya 'yan uwa, girman kai ne ya murɗa maɓallin, shi ne kuma ya rufe ƙofar. Wanda ya zalunci ɗan uwansa a bainar jama'a, ya nemi yafiyarsa yanzu, a bainar jama'a, tun kunne yana ji, tun baki yana motsi.

Allah ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin wani, ya sa mu ji kalmar yafiya da kunnenmu kafin a rufe mu. Amin.