Cizon Kaska da Cikin Hansai

Duk wanda ya kira wa saniya likita, ya bar matarsa tana kakkarwa a kan tabarma, azzalumi ne. Ba ni da wani suna da zan ba shi.

An yi wani mutum a wani ƙauye, shekarun baya, ana ce masa Alhaji Barau. Yana da shanu a turke bayan gida. Matarsa Hansai ce ke cire musu kaska da hannu, ga ciki ya tsufa. Ku saurara. Kaska ta maƙale mata a bayan gwiwa, ba ta gani ba sai da ta ƙoshi da jini. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, kai kamar zai tsage, ƙuraje suka feso mata. Cikin fari ne, kunya ta hana ta buɗe baki.

Maƙwabcinsu wani bawan Allah ne, Nomau mai amalanke, wanda ke noma gonar da Alhaji ya ara masa. Matar Nomau ta shiga gidan Alhaji ɗibar wuta, ta fito tana salati. Nomau ya tarar da Alhaji a turke, ana yi wa bijimi allura.

"Alhaji, a gafarce ni. Iyalina ta ce jikin mai ɗakinka ya yi tsanani, ba ta ma gane mutane."

"Laulayi ne. Uwar wa ba ta yi ba?"

"Ko mene ne, ga amalanke. Ka ba da izini a kai ta asibiti."

"Kai ka biya sadakinta? In ta taka ƙofar gidan nan, ka fitar mini daga gona."

Ku saurara, jama'a: lokacin gero ya fid da kai, kuma Nomau ba shi da ko taku ɗaya na gonar kansa. Ya ce, "Gona taka ce, Alhaji. Rai na Allah ne." Ya ɗauko baffan Hansai, ya sa tasa matar ta riƙe Hansai, ya kora shanun amalanke zuwa asibiti.

Likita ya ce cizon kaska ne ya sa mata cuta a jini, da an zo da wuri, da magani ya tsare su duka biyun. Hansai ta tashi. Yaron kuwa, namiji, an haife shi babu rai. Alhaji ya ƙwace gona har da geron. Nomau ya shekara yana ƙwadago, ba wanda ya ji ya yi ƙorafi.

To ku fa? Zazzaɓin mai ciki ba abin jira ba ne, kuma matar da ke ɗakinka amana ce, za a tambaye ka. Wanda ya ga rai zai salwanta ya yi shiru don tsoron abincinsa, shi ma za a tambaye shi.

Alhaji Barau kuwa, alƙali ya raba auren. Ba wanda ya sake ba shi 'ya a ƙauyen. Ya mutu ba ɗa, ba jika.