Kiyashin Bayan Injin Sama'ila

Akwai wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Isma'ila, amma kowa Sama'ila mai inji yake ce masa. Wajen shekarar dubu biyu da huɗu, lokacin da mutum ke hawa tudu da wayarsa yana neman sabis, ya sayar da gonar gadonsa ta bakin kanal, ya sayi tsohon injin yanka katako mai shan dizal, ya kafa rumfar kwano a bakin hanya.

Mutane suka ce ya haukace. Wa yake sayar da gonar da ke shan ruwa rani da damina? Amma sai sana'ar ta karɓe shi. Masu shinkafa da tumatir suna samun kuɗi, kowa yana son ya cire azara ya yi rufin kwano, makarantun Islamiyya kuma suna son benci. Gungumen darbejiya da turare da maɗaci su shigo a amalanke, su fita falanki.

Sai dai a faɗi gaskiya: inji na Isma'ila ne, aiki kuwa na Dattijo ne.

Dattijo maƙwabcinsa ne tun suna yara, ya girme shi da shekara huɗu, kuma ya daɗe yana aiki wurin 'yan katako a birni. Shi ke wasa zarto. Shi ke sauraren kukan inji ya san inda ke masa ciwo. In ya kalli gungume sau ɗaya, zai faɗa maka falanki nawa ke cikinsa. Kafintoci in sun zo, Isma'ila suke gaisarwa, amma Dattijo suke tambaya. Abin yana ɗan sukar Isma'ila a rai, bai dai taɓa furtawa ba.

To, aikin katako aikin dusa ne. Ta shiga hanci, ta shiga maƙogwaro, mutum ya yini yana kaki. Wani direban gungume ya taɓa gaya wa Isma'ila cewa lemon kwalba mai gas yana wanke dusa daga ƙirji, in ka sha ka yi gyatsa, to ta fito ke nan. Maganar banza, amma ya riƙe ta kamar karatu. Ga kuma girman kai, wai mai inji ba zai sa moɗa a randa ɗaya da masu ɗaukar gungume ba.

Daga kwalba biyu a yini ya koma huɗu, daga huɗu ya koma bakwai. Bilya, mai kantin da ke jikin rumfar, har kiret guda yake ware masa a firij.

Shekara uku ana haka, sai jiki ya fara magana. Ƙishirwa ba ta yanke masa. Kafin a gama gungume ɗaya ya zaga bayan rumfa sau biyu. Yana ci kamar gara amma wandonsa yana zamewa. Ido kuma ya soma yi masa hazo-hazo, har ran nan ya kuskure awo ya lalata katakon bencin wata Islamiyya, sai da Dattijo ya san yadda ya yi ya ceto rabi.

Ranar ce Dattijo ya ja shi gefe ya ce masa ya rage lemon nan, jikinsa ba ya yi masa kyau a ido. Washegari ya zo da jarka cike da jiƙon tsamiya ba suga, ya ce matarsa ce ta jiƙa, ya riƙa kurɓa in ƙishirwa ta taso.

Isma'ila ya sha kofi ɗaya don kunya, ya bi da lemonsa. Bayan azahar jiri ya ɗebe shi, ya lallaɓa kantin Bilya ya zauna a benci, ya ba shi labari.

Bilya ya ci gaba da goge kwalabe, bai ɗago ba. Ya ce, “Ni dai ban ce komai ba, Alhaji. Amma in ka kwanta yau, wa zai riƙe injin nan? Abin da yake a buɗe kowa yana iya sa masa hannu. Kwalba kuwa da murfinta take zuwa daga kamfani.”

Isma'ila bai je Makka ba, Bilya ne kaɗai ke ce masa Alhaji. Ku lura da wannan.

Daga ranar zuciyarsa ta shiga tone-tone. Ya tuna Dattijo ya taɓa cewa shi ma yana fatan Allah ya ba shi injin kansa. Ya tuna yadda kafintoci ke dariya da shi, in shi Isma'ila ya matso su yi shiru. Ya tuna ranar da ya gan shi yana shafa injin kamar mai shafa doki. Kowane abu ya ɗauko, sai ya ga ya zauna daidai inda yake so ya zauna.

Kullum Dattijo ya kawo jarka, sai ya karɓa ya yi godiya, in ya faki ido ya tuttular. Ruwan randa ma ya daina taɓawa. Ya ce a ransa ba zai ƙara sa wa cikinsa abin da hannun mutum ya taɓa ba, sai abin da ya ɓalle murfinsa da kansa. Kafin ya buɗe kwalba sai ya ɗaga ta a rana, ya jujjuya, ya duba ko an taɓa murfin.

Zargin ya bi shi har gida. Matarsa Zuliha ƙawar matar Dattijo ce, kwano yana shiga yana fita ta kan katanga kamar yadda maƙwabta ke yi. Ya hana. Bai tsaya nan ba, ya fara ture tuwonta, ya dawo da burodi a leda da kwalba biyu ya zauna a soro.

Zuliha ta same shi ta ce, “Baban Mansura, shekara goma sha shida ina tuƙa maka tuwo. In kashe ka nake so, sai yanzu da na tara maka 'ya'ya biyar?”

Ya ce shi bai ce ita ce ba, amma ai ba ta san abin da ake ba ta ta kan katanga ba.

Haka ya kai kwalba goma a yini, wata rana sha biyu. Ƙishirwa ta ƙaru, ya ƙara lemo. Rama ta ƙaru, ya ce sammu ne yake cin sa. Yana gudun dafi a buɗaɗɗen kwano, yana saye da kuɗinsa a rufaffiyar kwalba.

Ran nan da hantsi ya zaga bayan rumfa, sai ya lura da kiyashi sun yi baƙi ƙirin a gindin katanga. Ya share su da takalmi. Washegari sun dawo, sun fi na jiya. Kwana uku yana kallonsu, ya ce kiyashi ba ya taruwa a banza, an binne masa wani abu a nan.

Ranar da ya zaɓa rumfa cike take da kafintoci. Ya ɗauki diga ya hau haƙa, yana haki, gumi yana zuba. Rami ya kai gwiwa bai ga komai ba. Can ya tono wata ƙusa mai tsatsa. Ƙusa fa, a wurin da ake aikin katako, inda ko kaza ta yi tono sai ta samu goma. Amma ya ɗaga ta sama, ya shigo da ita gaban jama'a.

Ya ce ga abin da aka binne masa. Ya ce wanda ya yi ya san kansa, yana cin arzikinsa yana haƙa masa kabari, har da kawo masa jiƙo a jarka.

Dattijo ya kashe inji.

Ya ce, “Sama'ila, da ni kake?”

Isma'ila ya ce, “Wanda ya tsargu da shi ake.”

Dattijo ya dube shi. Bai rantse ba, bai ɗaga murya ba. Ya kakkaɓe dusa daga rigarsa, ya ɗauki magagarinsa na wasa zarto, wanda dama nasa ne, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ya fita ta tsakiyar kafintoci, kowa ya sunkuyar da kai.

Da labari ya kai wa Zuliha, ba ta tsaya kuka ba. Ta aika Garun Mallam a kira Gwaggo Tambaya, ƙanwar mahaifin Isma'ila, tsohuwar da ba ta san A ba amma ba a taɓa yi mata wayo sau biyu ba.

Gwaggo ta sauka daga mota da safe, ba ta biya gida ba, ta wuce rumfa. Ta ƙare wa ɗan wanta kallo, ta ga wuya ya zama kamar mariƙin lema. Ya nuna mata ramin, ya nuna mata ƙusar, ya zayyana mata komai. Ta saurara har ya gama.

Sai ta tambaye shi inda yake tsugunawa in fitsari ya matse shi. Ya hau kame-kame.

Ta ce, “Ni na wanke ka ranar da aka haife ka, ba ni za ka ji wa kunya ba. A ina?”

Ya nuna gindin katangar, daidai bakin ramin.

Ta gyaɗa kai. Ta ce yau ya canza wuri. Ya zaɓa da kansa, can nesa, inda Dattijo bai taɓa takawa ba, kada ya gaya wa kowa, har ita. Ta shimfiɗa mayafinta a kan gungume ta zauna tana cin goro, ta ce ba inda za ta.

Ya zaɓi bayan wata kuka a ƙetaren hanya. Sau biyar ya je kafin la'asar. A zuwa na shida ya tsaya cak. Kiyashi sun yi layi daga saiwar kukar, sun rufe wurin. Ya waiga ko'ina, ba kowa sai awaki.

Ya dawo rumfa. Gwaggo ba ta bari ya yi magana ba.

Ta ce, “Sun bi ka, ko? To wa ya riga ka zuwa can ya binne? Kiyashi ba ya bin laya, ɗan nan, zaƙi yake bi. Haka na gani wurin marigayi mijina, muka tsaya jiƙe-jiƙe har aka yanke masa ƙafa. Abin da kake haƙa a ƙasa, a cikinka yake, kuma da hannunka ka zuba.”

Washegari ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Aka huda masa yatsa aka ɗiga jini. Ma'aikacin ya kalli na'urar, ya kalle shi, ya tambaya ko da ƙafarsa ya zo. Ya ce ciwon suga ne, kuma ya hau ƙwarai. Da ya ji adadin kwalaben da yake sha, sai ya ajiye biro. Ya ce kowace kwalba akwai suga kamar cokalin shayi takwas ko tara a ciki, ya lissafa da kansa. Ya ce ba lemo kaɗai ke kawo ciwon ba, amma shi ya yi ta zuba wa wuta fetur.

Kwana tara ya yi a kwance. Zuliha ce a gefensa, da kwanon da ya ƙi ci. Bilya bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Da aka sallame shi ya tarar da rumfa ta lalace. Wanda ya ɗauka a madadin Dattijo ya dakusar da zarto biyu, falanki yana fita gefe mai kauri gefe siriri. Kafintoci sun fara kai aikinsu Kura. Ya san in Dattijo bai dawo ba, injin ya tashi daga aiki.

Ya same shi a ɗan filinsa na bakin kanal, ƙafafu cikin taɓo, yana dashen shinkafa. Isma'ila ya tsuguna a kan kunya, bai damu da farar rigarsa ba. Ya faɗi duk abin da ya faru, bai rage ba. Ya ce ya zalunce shi a gaban mutane, kuma a gaban mutane zai wanke shi ranar Juma'a. Ya roƙe shi ya dawo aiki, ya ce ya ba shi rabin injin halak malak.

Dattijo ya tambayi jikinsa, ya tambayi abin da likita ya hana shi ci. Sannan ya wanke hannu a ruwan kanal ya miƙa masa.

Ya ce, “Na yafe maka duniya da lahira, Sama'ila. Ciwo ne. Amma zarto ba wurin wasa ba ne. Kai kana tura gungume, ni ina ja, yatsuna suna tazarar taƙi ɗaya da haƙoransa. In hannuna ya zame wata rana ka ji rauni, me zuciyarka za ta fara gaya maka? Ni kuma kullum da wannan tunanin zan tsaya. Mai tsoro ba ya yanka daidai.”

Dattijo ya sunkuya ya ci gaba da dashensa.

Ranar Juma'a Isma'ila ya cika alkawari, ya tashi bayan salla ya wanke Dattijo tas a gaban jama'a. Lafiya kuma ta samu daidai gwargwado, yana shan magani, ya koma tuwon dawa da ganye da ruwan randa. Amma injin bai ƙara shekara ba, ya sayar wa wani mutumin Kumbotso a araha. Wanda ya sayar da gonar gado, sai ga shi yana karɓar aron fili yana noman albasa.

Shi da Dattijo suna haɗuwa a masallaci, suna zuwa wa juna suna da jana'iza. Suna gaisawa. Gaisuwa dai.

Darasi: In jikinka ya canza, ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ka je a gwada jininka kafin ka fara lissafa maƙiya. Lemon kwalba ba ruwa ba ne, ba ya wanke ƙirji, kuma murfi a rufe ba shi ne lafiya ba. Wanda ya ce maka ka rage, shi ne naka, ba mai ware maka kiret yana kiranka Alhaji ba. Ciwo yana jin magani, amma amanar da ka fasa da bakinka ba kafintan da zai haɗa maka ita. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aikin ƙarfi da ke yini da kwalba a hannu.