Ɗakin Albasar Alhaji Sodangi

Akwai wani manomin albasa a Bodinga, sunansa Sodangi. Shekara biyu a jere albasa ta yi tsada, shi kuwa yana da ita jibge, sai ga Sodangi ya koma Alhaji Sodangi, ga mota ga haƙorin Makka. Arziki dai ba laifi ba ne. Abin haushin shi ne, tun daga lokacin hancinsa ya daina jure warin albasar da ta yi masa riga da wando.

Mahaifinsa mutum ne mai faran-faran da kowa, shi ya sa 'yan unguwa ke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Alhaji yana da wani aminin ƙuruciya a Shagari, Haliru, wanda duk shekara shi ke zuwa ya ɗaura masa rudu, wato rumfar kara da zana da ake ɗagawa daga ƙasa, a baza albasa a ciki tana shan iska har kasuwa ta yi kyau.

Da aka cire albasar bana, Haliru ya iso da zanansa kamar kullum. Ya tarar da Alhaji zaune da baƙi 'yan birni, ya yi sallama, ya miƙa hannu. Alhaji ya dubi hannun, ya tura nasa cikin aljihu.

"Haliru, hannunka warin albasa shikai. Ja baya kaɗan."

"To, Alhaji. Rudu niz zo ɗaurawa."

"Rudu? Wanga aikin talakawa na. Taho ka ga abin da anka gina."

Ɗaki ne na bulo, rufin kwano, ƙasa ta sha tayil, ga ƙofar ƙarfe. Ko taga babu, wai saboda ɓarayi.

Haliru ya girgiza kai. "Alhaji, albasa rai gare ta. In ba ta sha iska ba, ruɓewa takai."

"Kai da ko keke ba ka da shi, kai za ka koya min aje dukiya?"

Baƙi suka tuntsire da dariya. Haliru ya ji zafi ƙwarai. Ya kwashe zanansa ya koma Shagari.

Noman shekara kaf aka zuba a ɗakin nan, aka garƙame. Zafin bazara kuwa ya kama aikinsa. Bayan sati uku, matarsa Hajiya Jummai ta ce, "Alhaji, wani abu ya mutu gidanga." Aka yi ta neman mushen ɓera, ba a gani ba, sai ga wani ruwa ja yana tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe.

Da Alhaji ya buɗe, ɗoyin ruɓaɓɓiyar albasa ya buge shi, har hularsa sai da ta faɗi.

Ya tsoma hannu yana tonawa, ya ga ta ƙasa ta zama kunu, ta sama da saura. In ba a tsince mai kyau an baza ta a iska cikin kwana biyu ba, shi ke nan. Ya bi maƙwabtan da ya daina gaisarwa, kowa ya ce yana da uzuri. Baƙi 'yan birni kuwa wayarsu ba ta shiga. A masallaci ma, duk turaren da ya fesa, sai da aka bar masa fili dama da hagu.

Dole uwar na ƙi. Washegari da sassafe ya kama hanyar Shagari, kunya kamar ta kashe shi. Ya tsaya a ƙofar gidan Haliru ya ɓoye hannuwa a baya, don sabulu uku bai raba su da ɗoyi ba.

Haliru ya fito, ya zagaya ya kamo hannun, ya riƙe shi da hannu bibbiyu, har ya sunsuna.

"Yawwa! Yanzu nig gane hannun abokina."

Alhaji ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. "Ka yahe min, Haliru."

"Bar wanga zance, buɗe mota mu sa zana."

Ranar suka ɗaura rudu, Alhaji ya tuɓe babbar riga yana tsinta da hannunsa, aka ceci kusan rabi. Ɗakin tayil kuwa, awakin Hajiya Jummai ke kwana a ciki yanzu, bayan an fasa musu taga.

Darasi: Kada arziki ya sa ka raina mutanen da suka san ka tun ba ka da komai, domin hannun da ka ƙi gaisawa da shi yau, wataƙila shi zai ɗaga ka gobe. Tura wa wani labarin nan, ko Allah zai sa ya fito da hannunsa daga aljihu.