Gadar da Ba ta Karɓar Fiton Mai Komawa Gida

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a zamanin Sarki Gwauron Duma akwai wani tsibiri tsakiyar kogi, wanda gada guda ta haɗa shi da tudu. Gadar abin kallo ce. Kan ginshiƙi ɗaya take zaune, in jiragen fatake suka taho sai shanu su juya ta jiragen su wuce. Mai tsaronta wani dattijo ne, Jatau, wanda ya gaji aikin daga kakansa. Al'adarsu, mai fita ya biya fito, amma duk wanda ya ce gida za shi a tsibirin, ya wuce kyauta.

Waziri ya ga wannan asara ce, ya ce a riƙa karɓa gaba da baya. Jatau ya ƙi. Aka kai shi fada, aka ce in bai kawo hujja ba a raba shi da gadar. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don bai san wani gida ba sai bakinta.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ba Sarki labarin kakansa: talauci ya koro shi daga fatauci, ya iso gaɓa zai koma gida tsibirin, ba ko wuri ɗaya na biyan fito, masu jirgi suka ƙi ɗaukarsa. Yana tsaye nan ya hango ana kai mahaifiyarsa makwanci a ƙetare. Da Allah ya buɗa masa sai ya gina gadar, ya rantse ba za a sayar wa mutum hanyar gidansa ba.

Sarki ya ce, “To, baƙon da ya yi maka ƙarya ya ce gida za shi fa?”

Jatau ya ce, “Ranka ya daɗe, sai in bar shi. Wanda ya kira wuri gida yau, ya kira gobe, wata rana can zai kafa bukka. Rabin masu biyan harajinka a tsibirin jikokin maƙaryatan nan ne. Kakana ya ce na farkonsu wani mai tallan kanwa ne, kakan Waziri.”

Waziri ya sunkuyar da kai. Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ba Jatau riga da doki, ya bar masa gadarsa.

Masu hikima suka ce, ƙofar da aka bari a buɗe ita ke tara gari.