Akuya Ɗaya Mai Haruffa Shida

Ranar shari'a tana zuwa, ranar da za a ƙidaya wa kowane mutum abin da ya mallaka. A wata ikkilisiya dai, kwamfuta ce ta riga mala'iku fara aikin.

Akwai wani mutum a wannan ikkilisiya wanda ya iya rubuta wa kwamfuta umarni da harshen JavaScript. Dattawa suka shirya raba 'yan awaki ga marasa ƙarfi, suka ce duk wanda awakinsa ba su kai uku ba, a ba shi ɗaya. Suka danƙa wa mutumin aikin tantancewa, domin an ce na'ura ba ta da ɗan'uwa.

Mutumin ya rubuta umarni mai gina takardar XML. Tsarinta kamar ƙwarya cikin ƙwarya ne, ga gida, a cikinsa mai gida, a ƙarƙashinsa awaki, kowace da sunanta. Sa'an nan ya sa aka juye takardar zuwa wani tsari mai suna JSON, domin ƙirga ta yi sauƙi. Ya gwada da gida mai awaki goma, lissafi ya fita daidai. Ya gwada da mai bakwai, daidai. Ya ga aikin yana da kyau, ya tafi cin tuwo.

To, abin da ke juye takardar yana da wata ɗabi'a. In ya tarar da awaki da yawa, sai ya jera su. In ɗaya ce tak, ba ya ganin amfanin jeri, sai ya ajiye sunanta kawai. Shi kuwa JavaScript, in aka ce ya ƙirga, aka miƙa masa suna, ba ya gardama. Haruffan yake ƙirgawa.

Akwai kuma wata gwauruwa, Inna Rifkatu, mai akuya ɗaya, Kyalla, wadda ta tsufa ta daina haihuwa. Ranar rabo Inna ta zo da igiyarta ta zauna. Aka gama kira, ba a kira ta ba. Ta je wurin mutumin.

"Ɗana, ban ji sunana ba. Ko kunnen nawa ne?"

"Kunnenki lafiya, Inna. Awakinki shida ne."

"To, madalla. Ina biyar ɗin suke kwana?"

Ya duba kwamfuta. "Ga su nan. K, Y, A, L, L, A."

"Ashe har da masu suna ɗaya," in ji ta.

Nan take ya gane abin da ya faru, don ba wawa ba ne. Amma awaki sun ƙare. Ya ce gyaran zai taɓa wurare da yawa, sai dattawa sun zauna. Inna ta naɗe igiyarta ta tafi gida.

Ga ma'anar wannan misali, ga mai son ji. Mutumin nan mu ne. Bai yi sata ba, bai ƙi kowa ba, ya dai gwada aikinsa a kan manyan gidaje ya gamsu. Haka muke shirya alherinmu, da gida mai cike da mutane a ranmu. Wanda yake shi kaɗai, ba mu tanadar masa wuri ba, don haka sai mu ƙirga masa abin da ba shi da shi. Ai tana da ɗa a birni. Ai danginta suna da yawa. Ai kullum tana murmushi. Kafin ka ankara mun tara mata garke, alhali ba wanda ya leƙa turkenta. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ta amsa. Kafin ku ce wani yana da abin da zai ishe shi, 'yan'uwa, ku taka ku je gidan. Ba nisa.

Da shekara ta zagayo, Inna Rifkatu ta sami 'yar akuyarta. Ba a gyara umarnin ba, dattawa ba su zauna ba tukuna. Kyalla ce aka sauya wa suna, ta koma Ja, haruffa biyu kacal. Tsohuwar akuyar kuwa baƙa ce.