Notin da Nasani Ya Ɗaure da Ƙafa

Akwai wani direba da ake kira Nasani. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa, domin kafin ka gama ba shi shawara ya riga ya ce, "Na sani."

Wata safiya yayarsa ta roƙe shi ya kai ta ɗauko 'yan tsaki kwali shida daga gonar da ake ƙyanƙyasa. Tun da mijinta ya rasu take son fara kiwon kaji, sai yanzu Allah ya nufa.

A hanya suka tsaya wurin wani dattijo mai faci aka canza tayar baya. Dattijon yana ɗaure notin taya da sifana a hankali, Nasani ya fizge sifanar.

"Baba, hannunka ya tsufa. Kawo ka ga aiki."

Ya hau kan sifanar da ƙafa biyu yana tsalle, kai ka ce motar ce ta yi masa laifi. Dattijon ya ce, "Ɗana, mai ɗaurewa ya riƙa tuna mai kwancewa."

"Na sani."

Yaya kuwa ta gaishe da dattijon da kyau, har ta karɓi lambarsa saboda gaba.

A dawowa, rana ta take tsaka, wani ƙarfe ya farke tayar nan. Nasani ya fito da tayar safaya yana fito. Noti huɗu suka kwance da ƙyar, na biyar ya ce bai san zancen ba. Ya ja, ya taka, ya yi tsalle, har bakin notin ya fara cinyewa.

Cikin motar kuwa ya zama kamar tanda. Kukan 'yan tsakin da ya cika musu kunne ɗazu ya fara raguwa. Yaya ta buɗe kwali ɗaya, ta ga sun buɗe baki suna haki, biyu sun kwanta ba motsi. Hawaye ya zubo mata.

Nasani ya leƙa kwalin. Tsoro ya kama shi sosai, ga kunya, domin ya san ƙafar wa ta ɗaure notin nan.

"Zan kira Baba," in ji Yaya.

Nasani ya ajiye sifana ya gyaɗa kai.

Ba a jima ba sai ga dattijon a kan tsohon babur, da dogon bututun ƙarfe ɗaure a baya. Bai kalli tayar ba ma. Ya ce, "Ku fara sauke masu rai zuwa inuwar bishiyar can. Ƙarfe zai jira."

Da aka gama haka, ya tsuguna ya tsince notin huɗu daga ƙasa, ya shiga mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa.

Nasani ya ce, "Baba, kwancewa fa muke yi!"

"Ka cire 'yan'uwansa ka bar masa nauyin taya shi kaɗai. Ina zai motsa? Bari su kama masa tukuna."

Ya sauke jak ɗin da aka ɗaga motar da shi, ya ɗiga wa notin ɗan mai, ya ƙwanƙwasa shi da guduma, sannan ya koma inuwa yana taya Yaya yi wa 'yan tsaki fifita da murfin kwali. Nasani yana tsaye kamar ya fashe.

Can dattijon ya tashi, ya zura bututun a hannun sifana, ya danna a hankali. Sai ji aka yi ƙas! Notin ya juya.

Yaya ta sauke ajiyar zuciya tana "Alhamdulillahi." A inuwa kukan 'yan tsakin ya dawo, kuma Nasani bai taɓa jin hayaniyar da ta yi masa daɗi haka ba. Biyun nan kaɗai aka rasa.

Da aka sa safaya, dattijon ya miƙa masa sifanar. Nasani ya ɗaure da hannu, a hankali, sannan ya ɗago kai.

"Baba, ya isa haka?"

Dattijon ya yi murmushi. "Au, ashe akwai abin da ba ka sani ba?"

Darasi: Ƙarfi ba ya maye gurbin sani, kuma wanda ka raina da safe yana iya zama shi za ka nema da rana. In an ba ka shawara, saurara kafin ka ce ka sani. Ku tura wa wasu, musamman Nasanin gidanku.